Balkhi da Masu Karanta Shi: Sharhi a kan "Masalihul Abdani wal Anfus" da Fassarar Malik Badri

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin kashi na biyu na littafin Masalihul Abdani wal Anfus na Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya keɓe shi ga cututtukan rai, tare da duba yadda Farfesa Malik Badri ya gabatar da shi ga masu karatu na wannan zamani. An bayyana abin da littafin ya zo da shi mai ƙima, aka nuna iyakarsa, sannan aka yi gyara ga ɗabi'ar auna darajar magabata da ma'aunin likitancin Turai. A ƙarshe an kwatanta maganin da Balkhi ya ba mai waswasi da hukuncin da malaman Malikiyya suka yanke wa mai yawan shakka.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Da wuya a sami malamin da ya daɗe yana karantarwa a zaure ko a jami'a wanda ba a taɓa kawo masa ɗalibin da ke maimaita alwala har salla ta kuɓuce masa ba, ko matar da ta daina magana da cin abinci bayan haihuwa, ko saurayin da barci ya ƙaurace wa saboda tsoron mutuwa. Mutanenmu sukan fara zuwa wurin malami kafin su je asibiti, wasu ma a nan za su tsaya. Saboda haka amsar da malami zai bayar ita ce sau da yawa take yanke wa mara lafiya hanya, ko ta kai shi ga sauƙi ko ta ƙara masa nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wato kimanin miliyan 970, yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa da na fargaba. Lamarin da ya kai haka yawa ya wajaba ɗalibin ilimin addini ya san abin da magabata suka faɗa a kansa, kuma ya san shi a kan haƙiƙarsa.

Daga cikin abin da magabata suka bari, babu littafin da ya sami karɓuwa a 'yan shekarun nan kamar na Balkhi. Ana ambatonsa a tarukan ilimi, ana kafa hujja da shi cewa Musulmi sun riga Turawa sanin ilimin halayyar ɗan'adam. Wannan yabo yana da tushe, amma ya soma rufe littafin kansa, har ana yabonsa fiye da yadda ake karanta shi.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Abu Zaid Ahmad bin Sahl al-Balkhi a wajajen shekara ta 235 bayan hijira a wani ƙauye kusa da Balkh, a yankin Khurasan, cikin ƙasar Afganistan ta yau, ya rasu a 322 (934 miladiyya). Ya yi tafiya zuwa Iraƙi neman ilimi, inda ya yi karatu a wurin masanin falsafa al-Kindi, sannan ya koma garinsu ya yi aikin magatakarda ga sarkin Balkh. Ibn Nadim ya jero littattafansa a Fihrist, Yaƙut kuma ya kawo tarihinsa a Mu'ujamul Udaba. Saboda fasaharsa ake yi masa laƙabi da Jahiz na Khurasan, kuma an fi saninsa da ilimin taswirar ƙasashe, fannin da Istakhri da Ibn Hauƙal suka bi sawunsa a ciki.

Littafin Masalih kashi biyu ne. Na farko babi 14 ne a kan kiyaye lafiyar jiki: muhalli, abinci, abin sha, barci, wanka, motsa jiki da sauransu. Na biyu babi 8 ne a kan lafiyar rai. Rubutun hannu na littafin yana cikin tarin Ayasofiya a Istanbul, Fu'ad Sezgin ya buga hotonsa a Frankfurt a 1984, aka kuma yi masa tahƙiƙi a Alƙahira a 2005. A 2013 ne Malik Badri, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Sudan (1932 zuwa 2021), ya fitar da fassarar kashi na biyu da Ingilishi tare da doguwar gabatarwa, kuma ta wannan ƙofa ce mafi yawan masu karatu suka shiga littafin.

3.0 Abin da Balkhi Ya Zo da Shi

Balkhi ya fara da ƙorafi a kan likitocin zamaninsa, cewa sun mayar da hankali ga jiki sun bar rai, alhali su biyun a saƙe suke da juna, ciwon ɗaya yana ratsawa zuwa ɗayan. Ya lura cewa mutum yana iya shafe shekaru jikinsa bai yi ciwo ba, amma da wuya yini ya wuce bai ɗanɗani fushi ko tsoro ko ɓacin rai ba. Daga nan ya kasa larurorin rai gida huɗu: fushi, tsoro da firgici, baƙin ciki da raki, sai waswasi da zancen zuci.

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne harshen da ya yi magana da shi. Ya ɗauki mai baƙin ciki da mai waswasi a matsayin marasa lafiya masu buƙatar magani, bai tuhume su da raunin imani ba. Wannan ya dace da nassi, domin Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙubu (AS) wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu (Suratu Yusuf, aya ta 84), ba tare da wannan ya rage masa daraja ba. Haka nan a Sahihul Bukhari an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya siffanta talbina, wato kunun sha'ir, da cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana rage baƙin ciki, wanda ke nuna cewa abin da aka ba jiki yana isa ga rai.

Na biyu shi ne rarrabewar da ya yi tsakanin baƙin ciki iri biyu. Akwai wanda aka san sababinsa, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya, kuma maganinsa nasiha daga waje da gyaran tunani daga ciki. Akwai kuma wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya ɗauke masa nishaɗi da sha'awar komai. Wannan Balkhi ya mayar da asalinsa ga jiki, ya ce a nemi maganinsa ta jiki, a haɗa da zama da mutane da abin da ke faranta rai. Ga malamin da ke karɓar koke-koken jama'a wannan darasi ne babba: akwai damuwar da wa'azi kaɗai ba ya ɗauke ta, kuma rashin ɗaukewarta ba laifin mai sauraro ba ne.

Na uku shi ne dabarun magani. Ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin natsuwa kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo, domin wanda fushi ko tsoro ya riga ya kama ba ya iya ƙirƙiro hujja a wannan hali. Game da tsoro, ya nuna cewa mafi yawan abin da ake tsoro ba ya aukuwa, ya kwatanta shi da hazo wanda mai hangensa daga nesa yake zaton abu ne mai kauri, sai ya shiga ya tarar iska ce. Ya kuma yi bayanin cewa sabo yana kashe tsoro, kamar yadda mayaƙi da mai aikin jinya suke sabawa da ganin jini, don haka a riƙa kusanto da mai tsoro ga abin tsoronsa sannu a hankali. Mai waswasi kuwa ya hana shi kaɗaici da zaman banza. A kan sababin waswasi ya ambaci rinjayen baƙar matsarmama a jiki, ya ambaci Shaiɗan, bai tsaya jayayya a kan wanne ne ba, ya wuce kai tsaye ga abin da zai sauƙaƙa wa mai fama.

Wannan matsayi na ƙarshe ya fi kowanne amfani gare mu. Muhawarar da ake yi a yau tsakanin masu ruƙiyya da likitoci takan tsaya a kan sababi, kowa yana neman ya kore na ɗan'uwansa, mara lafiya kuma yana tsakiya yana jira. Balkhi ya nuna cewa mutum yana iya yin imani da gaibi kuma ya ɗauki ciwon da muhimmanci a matsayin ciwo.

4.0 Inda Littafin Ya Tsaya

Adalci ga littafi ya haɗa da faɗin abin da bai ƙunsa ba. Babu babi a Masalih a kan hauka, wato gushewar hankali da jin muryoyi da ganin abin da babu, babu kuma a kan ciwon da ke jujjuya mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsanancin sanyin jiki. Larurorinsa huɗu na mutanen da hankalinsu ke tare da su ne, waɗanda za a iya zama a yi musu magana su fahimta. Wanda ya ɗauki littafin a matsayin cikakken jagora ga dukkan taɓin hankali zai cutar da waɗanda suka fi kowa buƙatar asibiti. Likitocin Musulunci sun san waɗannan cututtuka, Ishaƙ bin Imran na Ƙairawan ya yi risala a kan malikhuliya, asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, amma wannan wani fage ne daban da na Balkhi.

Haka nan ilimin jikin da ya gina a kansa na Jalinus ne, wato ruwayen jiki huɗu da daidaituwarsu. Likitanci ya bar wannan ra'ayi tuntuni. Abin da ya saura mai amfani shi ne lurarsa cewa wani baƙin cikin daga jiki yake, amma bayaninsa na gurɓatar jini da baƙar matsarmama tarihi ne, ba a gina magani a kansa a yau.

Sai kuma waɗanda ya rubuta dominsu. A babin fushi hankalinsa yana kan sarakuna da masu iko, har ya ba da shawara su ajiye masu hikima kusa da su waɗanda aka yarje wa su tausasa su idan ransu ya ɓaci. Nasihar a nemi abokan hira na gari da abubuwan shaƙatawa ta fi sauƙi ga mai wadata. Matalauciyar da damuwarta ta samo asali daga yunwa ko dukan miji ko gudun hijira tana buƙatar a ɗauke mata zaluncin da ke kanta kafin a ce ta gyara tunaninta. Littafin bai ce komai mai yawa a kan wannan ba, kuma mai karantar da shi ya kamata ya cike giɓin daga babukan zakka da haƙƙoƙin iyali da hana zalunci.

5.0 Karatun Malik Badri

Badri ya yi wa al'umma hidimar da ba za a manta ba. Tun littafinsa na 1979 a kan tsaka-mai-wuyar da masana halayyar ɗan'adam Musulmi suke ciki yake yaƙi da kwaikwayon Freud ido rufe, kuma shi ne ya fitar da Balkhi daga ɗakin ajiyar rubuce-rubuce zuwa hannun likitoci da ɗalibai. Fassararsa mai sauƙin karantawa ce, kuma ta fito daga hannun wanda ya yi aiki da marasa lafiya. Duk da haka akwai wurare uku da wannan nazari yake ganin ya kamata a yi hattara.

Na farko, taken fassarar ya kira Balkhi likita, ya kuma kira hanyarsa da sunan maganin gyaran tunani da ɗabi'a na zamani, wanda Albert Ellis da Aaron Beck suka assasa a Amurka a shekarun 1950 da 1960. Masu tarihinsa sun san Balkhi da adabi da falsafa da ilimin ƙasa. Littafinsa kuma rubutun malami ne mai zurfin lura, babu labarin marasa lafiyar da ya yi wa magani a ciki kamar yadda ake samu wurin Abubakar ar-Razi. Kamance tsakanin nasiharsa da hanyar Beck gaskiya ne, amma hanyar Beck tsari ce mai zama ƙididdigaggu da gwaje-gwajen da aka auna sakamakonsu. Idan aka haɗa su a suna ɗaya, ɗalibi zai zaci karanta Balkhi ya isar masa ya buɗe wurin magani.

Na biyu, sha'awar nuna fifiko takan sa a yanke Balkhi daga silsilarsa. Malaminsa al-Kindi yana da risala a kan dabarar kore baƙin ciki, wadda ta ɗebo daga hikimar Yunanawa, musamman ra'ayin cewa abin da ke wahalar da mutum shi ne hukuncin da ya yanke wa abin da ya same shi. Ar-Razi, wanda suka yi zamani ɗaya, yana da at-Tibbur Ruhani. Beck da Ellis su ma sun yi iƙirarin cewa sun amfana da waɗannan tsofaffin masana falsafa. Ashe ke nan wani ɓangare na kamancen da ake mamaki gado ne daga rijiya ɗaya. Faɗin haka bai rage wa Balkhi komai ba. Gwanintarsa tana cikin yadda ya tsara abin da ya gada, ya mayar da shi babin kiwon lafiya, ya zuba shi cikin tunanin Musulmi mai imani da ƙaddara da lada. Malamanmu sun koya mana cewa albarkar ilimi tana cikin jingina magana ga mai ita.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, shi ne ma'aunin da ake amfani da shi. Ana yabon Balkhi da cewa ya riga likitocin Turai rarrabe damuwar da ke tasowa daga ciki da wadda wani abu ya jawo. To amma kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, wanda ake kira DSM, ya daina gina rabe-rabensa a kan wannan bambanci tun bugunsa na uku a 1980, domin an ga cewa sababin jiki da na rayuwa sukan cakuɗe a mutum ɗaya. Haka kuma Rania Awaad da Sara Ali sun wallafa bincike a 2015 suna nuna dacewar siffar waswasi a wurin Balkhi da sharuɗɗan bugu na biyar na wannan kundi. Bincike ne mai kyau, sai dai kundin yana canzawa daga bugu zuwa bugu. Idan darajar malaminmu ta rataya ga dacewa da bugun bana, me za mu ce ranar da aka sake shi? Wanda ya hau dokin aro dole ya sauka inda mai doki ya ce. Abin mamaki shi ne Badri da kansa ya fi kowa gargaɗi a kan mayar da Turai alƙibla, amma salon yabon ya dawo da ita alƙali ta bayan gida.

Ana iya ƙarawa da cewa fassara kashi na biyu shi kaɗai ta raba abin da marubucin ya dage a kan haɗa shi. Wanda bai ga babukan barci da abinci da motsa jiki ba ya rasa rabin maganin. Ya kuma rasa wuraren da malamin fiƙihu zai so ya tsaya ya yi tambaya, kamar maganarsa a kan abin sha mai sa maye ta fuskar likitanci da babinsa na sauraren kiɗa. Ɗalibin shari'a ya cancanci ya ga littafin dukkansa, ya karɓi abin karɓa, ya mayar da abin mayarwa da hujja.

6.0 Waswasi Tsakanin Balkhi da Malaman Fiƙihu

Waswasin da Balkhi ya fi siffantawa shi ne na mutumin da zuciyarsa ke raya masa cewa wata cuta ko mutuwa na gab da auka masa. Cikin maganin da ya ba shi akwai tunkarar tunanin da hujja: ya tuna cewa Allah ya gina jiki da ƙarfin kare kansa, cewa mafi yawan masu ciwo suna warkewa, cewa abin da ya ji tsoro a baya bai faru ba. Wannan yana taimakon wasu. Amma likitocin da ke kula da wannan ciwo a yau sun lura cewa yawan neman tabbaci da jayayya da tunanin yakan zama wani sabon kamu, mai fama ya sami sauƙi na ɗan lokaci sannan shakkar ta dawo da ƙarfi. Shi ya sa maganin da aka fi dogara da shi, wanda ya faro daga aikin Victor Meyer a Ingila a 1966, shi ne a bar mutum ya fuskanci shakkar kuma a hana shi maimaita aikin da take tura shi gare shi.

A nan taskar fiƙihu tana da abin da ya fi na Balkhi kaifi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya san hukuncin mustankihi, wanda shakka ta aure shi a cikin salla: an umurce shi ya kau da kai daga shakkar, kada ya koma gyara, ya yi sujada bayan sallama kawai. Masu sharhi a mazhaba sun bayyana shi da wanda shakka ke zo masa kullum ko da sau ɗaya. A Sahihu Muslim, sahabbai sun kai kukan munanan tunanin da suke jin nauyin furtawa, Manzon Allah (SAW) ya shaida musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'umma zancen zuci matuƙar ba a aikata ko an furta ba. Ibn Ƙudama ya keɓe risala a kan masu waswasi, Ibn Jauzi da Ibn Ƙayyim sun faɗaɗa.

Ba a kawo wannan don a ce malaman fiƙihu sun riga Meyer ba, domin hakan komawa ne ga kuskuren da aka soka a sama. Su hukuncin ibada suke bayani, manufarsu ɗauke ƙunci daga mukallafi. Abin lura shi ne cewa malamin da ya ce wa mai waswasi ya sake alwala don kokanto, ko ya riƙa amsa masa tambaya ɗaya sau goma a yini, ya saɓa wa mazhabarsa kuma ya ciyar da ciwon. Idan kuma waswasin ya kai ga cinye sa'o'in mutum, ya hana shi karatu ko sana'a ko zaman aure, to fatawa ta yi nata aikin, saura a haɗa shi da likita, a ci gaba da yi masa addu'a.

7.0 Kammalawa

Masalihul Abdani wal Anfus littafi ne da ya cancanci shiga manhajar sassan nazarin addinin Musulunci, a karanta shi da Larabcinsa, kashi biyun tare, kusa da risalar al-Kindi da babukan fiƙihu a kan shakka da gushewar hankali. Fassara shi zuwa Hausa aiki ne da ya kamata malamin Larabci da likitan ƙwaƙwalwa su yi shi tare, musamman don a tsayar da kalmomi, tunda a bakin jama'a kalmar hauka takan haɗiye larurori masu yawa da ba su da alaƙa da ita, kuma tsoron wannan suna yana hana mutane neman magani. Ɗalibin da ya gama littafin ya kamata ya fita da abu uku: ya san cewa ciwon rai ciwo ne, ya san irin wanda nasiharsa za ta amfana, ya kuma san irin wanda amanar ilimi ta wajabta masa ya ce wa iyalan mara lafiya su tafi asibiti yau, kada su kwana. Allah ya jiƙan Abu Zaid da Malik Badri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ne mafi sani.